Yau dai na gina gadar Lucena

Jama'a, yau na fita kunya. Wata uku ke nan a wasan chess (darar Turawa) ƙarshen wasa na ruk (ƙwayar da ke tafiya a miƙe, tsaye ko kwance) da soja ɗaya, matsayin da ake kira Lucena, yana ci mini tuwo a ƙwarya. Sau biyu ina kai sojana layi na bakwai, saura taki ɗaya ya zama sarauniya, a gasar yara, sau biyu ana tashi kunnen doki. Ina fito da sarkina, sai ruk ɗin abokin karawa ya bi shi da cek, wato kai wa sarki hari, har matsayin ya maimaitu sau uku, abin da ke sa a tashi kunnen doki. A gida na iya abin sarai, ban san adadin da na buga shi a Lichess, shafin buga chess a intanet, ba. Amma a wasan minti 15 da ƙarin daƙiƙa 10 a kowane motsi, da agogo ya fara ƙurewa sai kaina ya ɗau zafi.

Yau a zagaye na huɗu na haɗu da wani yaro ɗan Fagge, bai fi shekara 12 ba, hannunsa kamar walƙiya. An ɗauke wuta, fanka ta tsaya, zufa na ɗiga kan allo. Saura mini daƙiƙa 40. Sarkina na gidan b8 (kowane gida a allon yana da harafi da lamba), soja na b7, ruk na c1. Nasa sarkin na d8, ruk na a2. Hannuna har ya nufi sarki, na janye kafin in taɓa, don da na taɓa shi, dole shi zan motsa. Rd1 cek, wato na kai ruk gidan d1, sarkinsa ya koma e7. Sai Rd4. Wannan motsin shi ne ya gagare ni duk watannin nan, domin a ido kamar ɓata lokaci ne: bai ci komai ba, bai ba da cek ba. Sarkina ya fito c7, b6, c6, b5, yaron na ta bin sa da cek, sai na tare da Rb4, ruk ya shiga tsakanin sarkina da ruk ɗinsa: gadar ke nan. Ya kalli allon, ya miƙo hannu, alamar ya sallama.

Malam ya ce matsayin ma ba ya cikin littafin chess da Lucena, ɗan ƙasar Sifen, ya wallafa a 1497, sunan ne kawai ya bi shi. Ya kuma ja kunnena cewa in sojan na gefe ne, layin a ko h, gadar ba ta ginuwa.

Agogon da na saya kuwa, wanda ya lashe kuɗin sallata kaf, yau na daina jin haushinsa. Zagaye na biyar an lallasa ni tun a buɗi, amma wannan sai wani zaman.