Yaron da ya ƙi barcin rana a gidan raino

A kowane gidan raino, ko a Agege ko a Idi-Araba da ke Legas, da an gama cin abincin rana an shimfiɗa tabarmi, ba a rasa yaro ɗaya ko biyu da idonsu biyu, alhali sauran tuni sun yi nisa. Mai raino takan ɗauka taurin kai ne. Kafin ta yanke hukunci, ta fara da lissafi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan shekara 1 zuwa 2 yana bukatar barcin awa 11 zuwa 14, na dare da na rana a haɗe, ɗan shekara 3 zuwa 4 kuma awa 10 zuwa 13. Ɗan shekara 4 da ya kwanta ƙarfe takwas ya tashi bakwai ya riga ya cika kasonsa, kuma tsakanin shekara 3 da 5 yara da yawa ke barin barcin rana da kansu. Ga kuma halin Legas: uwa ta yi sammako don gudun cunkoso, yaro ya sha barci a goye ko a cikin motar haya ta danfo. Shi ya sa tambayar safe take da amfani: "Hajiya, ƙarfe nawa ya kwanta jiya? Ya yi barci a hanya?"

Barci ba a yinsa dole, amma hutu ana iya tsara shi. A kai kowa bayi, a ba shi ruwa, a saki labule, a kunna fanka. In an ɗauke wuta a buɗe taga, a rage musu kaya, domin zufa da ƙurajen zafi kaɗai sun isa hana yaro runtsawa. Tabarmar wanda ba ya barci ta kasance a gefe, kusa da mai raino, nesa da abokin wasansa. Ya kwanta minti 20 zuwa 30. In barci bai ɗauke shi ba, a miƙa masa ɗan kwandon da ba a fito da shi sai a wannan lokaci: littafin hotuna, takarda da fensir mai launi, 'yar tsana. Ban da waya, ban da ƙananan abubuwan da ƙaramin yaro zai iya haɗiyewa.

Akwai wanda gajiya ce ta yi masa yawa, sai ka gan shi yana tsalle-tsalle da kukan banza. Wannan a kwantar da shi kafin sauran da kamar minti 20, a riƙa bubbuga bayansa a hankali.

Inda ake ɓata lamarin shi ne tsawa, bulala, rufe wa yaro fuska da zane, ko "ga dodo nan zuwa". Tsoro yana sa zuciya bugawa, barci ya ƙara nisa, gobe kuma da ganin tabarma sai kuka. Mafi muni shi ne ɗura wa yaro maganin mura ko na tari don ya yi barci. Wannan ganganci ne, yana iya taɓa numfashinsa.

Wanda barci ya kwashe a makare, a tashe shi wajen ƙarfe uku, in ba haka ba iyaye ne za su sha fama da dare. Yaron da ke minshari kullum, ko numfashi ta baki, ko yawan jan kunne, a shaida wa iyayensa su kai shi asibiti.