Birkin bakin bindiga mai matsewa: sauƙin kafaɗa da nauyin da yake ɗora wa kunne

Wani dattijo abokin mahaifina a nan Jos, wanda ya shafe shekaru yana riƙe da bindigar farauta mai lasisi, ya nuna mini hoton wani ƙarfe a wayarsa, ya ce, "Ɗana, duba mini wannan, an ce yana rage shurin bindiga, ni kuwa kafaɗa ta fara gajiya." Abin da ya nuna mini birkin bakin bindiga ne, irin wanda ake zura shi a kan bututu a matse da kusoshi masu murɗawa, ba tare da an kai bindigar an yanka mata zare irin na noti a bakin bututu ba. Na ce, "Baba, ka ba ni kwana biyu in yi nazari," ga kuma abin da na koma na faɗa masa.

Shurin bindiga daga wuri biyu yake fitowa. Akwai harsashin da ke fita gaba, akwai kuma iskar albarushin da ya ƙone, wadda take biyo bayansa da gudun da ya fi nasa, kuma duk abin da aka tunkuɗa gaba sai ya tunkuɗo bindigar baya daidai gwargwado. A harsashin .308 Winchester, ƙwayar da ke fita gaba takan kai kusan giram 10, albarushin kuma kusan giram 3. Birki ba ya taɓa rabon ƙwayar ko kaɗan. Aikinsa shi ne ya tare iskar a jikin bangayensa ya karkatar da ita gefe ta cikin ramukan da aka huda. Saboda haka ne bindiga mai cin albarushi da yawa, kamar .300 Winchester Magnum, ta fi cin moriyarsa, ƙaramar bindiga kuwa ɗaura mata birki ƙarin nauyi ne kawai. Amfanin ba a kafaɗa ya tsaya ba, domin wanda bindiga ta saba dukansa yakan fara ƙifta ido yana ɗaure jiki tun kafin ya ja kunama, kuma wannan fargabar ta fi lalata saiti a kan kowane aibi na bindigar.

Inda nau'in mai matsewa yake da wuyar sha'ani shi ne wajen zama daidai. Bututun yawancin bindigogin farauta yana sirancewa ne zuwa baki, don haka sai an auna kaurinsa da ma'aunin makanikai a bakin da kuma ɗan baya kaɗan, kuma kuskuren da ido ba ya gani ya isa ya sa birkin ya karkace. Idan ramin birki bai yi layi ɗaya da ramin bututu ba, harsashi na iya gogar ƙarfen, wanda hakan haɗari ne ga mai harbi da na kusa da shi. Kusoshin kuma suna kwancewa a hankali saboda girgiza da zafi, sai an riƙa duba su. Nauyin da aka ƙara a baki yana sauya inda harsashi ke sauka, dole a sake saiti daga farko. Bindigar da ke da ƙarfen saiti a kan hancinta ma sau da yawa ba ta karɓarsa sam.

Abin da ya fi damuna dai shi ne kunne. Ƙarar babbar bindiga takan wuce desibel 150 a ma'aunin ƙarfin sauti, alhali masana lafiyar ji sun sa iyakar ƙara mai fashewa a 140, kuma birki yana dawo da wani kaso na wannan ƙarar gefe da baya, wato wajen mai harbi da abokin tafiyarsa. Kafaɗar da ta yi tsami takan warke cikin kwanaki, amma ƙwayoyin ji na cikin kunne idan suka mutu ba sa sake tsirowa. Baba da kansa sai an ɗaga murya kafin ya ji magana ta kunnen hagu, wanda shi ne kunnen da ya fi fuskantar bakin bindiga ga mai harbi da hannun dama. A lokacin hunturu kuma, da ƙasar Filato take bushewa ƙarau, birki mai ramuka a ƙasa yana tayar da ƙura ta rufe ido idan an harba a kwance.

Akwai kuma doka. Dokar Makamai ta 1959 ta sa lasisin bindigar farauta a hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda, ta kuma taƙaita gyara da ƙera makamai ga waɗanda aka ba izini, don haka na roƙe shi kada ya sayi komai ko ya kai wa wani maƙeri kafin ya tambayi ofishin da ya ba shi lasisi.

Shawarar da na ba shi ita ce ya fara da roba mai kauri a gindin bindiga, ya gyara yadda yake manna ta a kafaɗa, ya kuma koma harsashi mai sauƙin ƙwaya idan abin da yake farauta ya ba da dama. Idan duk wannan bai wadatar ba kuma hukuma ta amince, to birkin zai yi aiki, da sharaɗin ya riƙa toshe kunne da soso sannan ya ɗora marufin kunne a kai. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya tambaye ni inda ake samun marufin kunnen a Jos.