Harafi ɗaya ya kunyata ni

Laraba, bayan isha'i.

Yau na tafka abin kunya a aji. Muna karatu da 'yan aji shida, wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, mece ce venial?" Ko tunani ban yi ba na ce mata ai mai cin hanci ke nan. Ta rubuta, sauran ma suka rubuta.

Da na koma ofishin malamai abin ya yi ta yi mini ƙaiƙayi, sai na jawo ƙamus. Ashe venal na fassara musu! Harafi ɗaya ne tsakaninsu, amma ba dangin iya ba na baba. Venal daga venum ta Latin take, abin sayarwa, wato mutumin da kuɗi ke iya saye. Venial kuwa daga venia ta fito, afuwa ko alfarma, ta biyo ta tsohon Faransanci ta shiga Turanci wajen shekarar 1300. Ma'anarta laifin da ake iya yafewa. Har ƙamus ɗin ya ce tushenta ɗaya da Venus, gunkiyar soyayya ta Romawa. Wannan ya tsaya mini a rai, wai afuwa da ƙauna nono ɗaya suka sha.

Malamar lissafi, 'yar Katolika ce, ta ga ina ta tsaki ta tambaye ni lafiya. Ta ce a cocinsu zunubi iri biyu ne, mortal mai halakarwa da venial, kuma ana kafa hujja da wasiƙar Yohanna ta farko, sura ta 5. Zunubi ba ya zama mortal sai abu uku sun haɗu: laifin babba ne, mutum ya san laifi ne, kuma da gangan ya aikata. Nan take kaba'ira da saga'ira na makarantar dare suka faɗo mini. Sai dai namu sunayen girman laifin suka duba, ita kuwa wannan kalma yafiyar ta duba.

Na ba ta labarin ɓarnar da na yi, ta yi dariya har da riƙe ciki. "Malam, kwantar da hankalinka, naka venial ne, ai ba da sani ka yi ba."

Gobe ni ke da darasin farko a ajin. Zan sa su soke layin da jan biro, kuma na san yarinyar nan sai ta tambayi dalili.