Dogon harsashi ko gajere

Yau a Aboabo, nan Kumasi, yayana da ya zo hutu daga Amurka ya nuna wa Baba maharbi hoton harsasai biyu na harbin barewa a waya: .30-06 da .308. Kaurin kansu ɗaya ne. Tsawon kwanson na farko, wanda sojan Amurka suka fara amfani da shi a 1906, milimita 63. Na biyu, na 1952, milimita 51. Dogon ya fi cin albarushi, ya ɗan fi bugun kafaɗa, amma yayana ya ce ya fi kai wa nesa.

Baba ya kanne ido, ya dangwala yatsa kan gajeren: "Yaro, a kurmin Asante sai ka kusa taka mazo kafin ka gan shi. Nisan me kake nema?" Ni ma dai gajeren zan ɗauka, kafaɗata ba ta son wahala.