Ragon da ke jira sai an sallami mai haƙƙi

A shekarata ta biyu a jami'a, malaminmu na nazarin addinai ya sa mu karanta Littafin Firistoci, na uku a jerin littattafai biyar na Attaurar Yahudawa. Gaskiya aikin dole na ɗauke shi: dokokin yanka, kitse da ƙoda, abin da firist zai ci da wanda za a ƙone. Sai da muka kai farkon sura ta 6 na gyara zama.

Wurin yana magana ne kan wanda aka ba ajiya ya musanta, ko ya ƙwaci kayan wani, ko ya yi tsintuwa ya ce bai gani ba, har ya rantse a kan ƙarya. Maƙwabci ya cuta, amma nassin ya ce amanar Ubangiji ya ci. Yadda aka jera biyan ne ya kama ni. Zai fara mayar da abin cikakke, ya ɗora kashi ɗaya cikin biyar, ya danƙa a hannun mai shi. Bayan nan ne zai ja rago marar aibu zuwa wurin firist, hadayar da ake kira asham da Ibrananci.

Malam ya tambaye mu me ya sa a Littafin Fitowa, na biyu a Attaurar, ɓarawon da aka samu da dabbar sata a raye yake biyan ninki biyu, wanda ya saci sa ya yanka ko ya sayar yake biyan shanu biyar, amma nan ɗan ƙari kawai. Muka yi tsit. Ya ce wancan kama shi aka yi, wannan kuwa da ƙafarsa ya zo, don haka ba a tsananta masa ba. Ya ƙara da cewa malaman Yahudawa a Mishna, littafin da ya tattara dokokin addininsu, sun ce ko abin bai wuce peruta ba, mafi ƙanƙantar kuɗinsu, in dai ya rantse a kai, sai ya bi mai shi ko da zuwa ƙasar Midiya mai nisa ne. Wani daga bayan aji ya ce, "Ai mu ma abin da aka koya mana ke nan, Malam, Allah ba ya yafe haƙƙin wani."

Ni dai ban ce uffan ba. A ƙasan akwatina akwai ƙamus na wani abokin ɗakina na da. Na ara, ya tambaya sau biyu, na ce wallahi na mayar masa. Na sha yin istigfari a kansa, kuma na ɗauka magana ta wuce.

Kwana uku ina juya abin. Ranar Asabar na ɗauko shi, bangon ya ɗan naɗe, na haɗa da sabon littafin rubutu, na same shi yana wanki a bakin famfo. Ya goge hannu a wando, ya buɗe shafin farko inda sunansa yake, ya dube ni ya ce, "Ai na san yana wurinka, malam. Rantsuwar ce ta hana ni sake tambaya."