Kifin Lagdo, hayaƙin marke da garin kunun yara

Sana'ata bandar kifi ce, a nan Garwa ta arewacin Kamaru nake yin ta, a unguwar Yelwa. Ina da murhuna a bayan gida, da mata da ke taya ni wanki da fiɗa, da ƙanena wanda ke sammakon zuwa madatsar ruwa ta Lagdo ya tari masunta tun kifi bai ga rana ba. Tarwaɗa muke bandawa, da ƙarfasa, da bargi, da ƙurungu, sai giwan ruwa, wato kapiten ɗin nan da ake yi wa Garwa kirari da shi. Muna kuma daka garin ƙananan kifi don kunun yara, kuma duk cikin kayana babu wanda nake tinƙaho da shi kamarsa, ko da yake shi ne masu saye suka fi rainawa.

Kullum a rediyo da asibiti ana cewa a ci kifi, yana gina jiki. Gaskiya ne, sai dai wanne kifin? Tsakanin ruwa da tukunya akwai hannuwa da yawa, kuma a wannan zafin namu na watan Maris da Afrilu, lokacin da ma'auni ke wuce digiri 40, ɗanyen kifi ba ya jiran kowa. Kifin da aka kama da asuba, in an bar shi a ƙasa, kafin azahar cikinsa ya saki. Duk amfanin da likita ya lissafa yana hannun mai banda: ko ta kai shi tukunya lafiya, ko ta kai wa mutane ciwon ciki.

A Lagdo na koyi aikin, wurin gwaggona. Madatsar an gama ta a 1982, 'yan Sin ne suka gina, kuma da ruwa ya taru sai masunta suka yi ta kwararowa: Musgum daga wajen Maga da bakin Logon, Kotoko, Hausawa daga Najeriya, har da mutanen Mali. Da yawansu farin shekarun 1973 da 1984 ne ya koro su, lokacin da Tafkin Chadi ya ja baya ya bar jirage a kan tabo. Mijin gwaggo yana cikin waɗanda suka sauko, ita kuma ta kafa banda a bakin ruwa. Ina yarinya aka kai ni wurinta, kuma sai da na daɗe ina ɗebo ruwa da tsintar itace kafin ta bari na taɓa wuƙa.

Gwaggo ba ta koyarwa da dogon bayani. Za ta ɗago kifi ta miƙo mini ta ce, "'Yar nan, duba idonsa." In idon ya yi garau, ya fito, to na ɗazu ne. In ya faɗa ciki ya yi hazo, a mayar wa mai shi. Sai ta ɗaga kunnensa: ja wur ake so, ba ruwan toka ba. Sai ta danna tsokar da yatsa, in wurin ya dawo daidai ta saya, in ramin yatsa ya zauna ta girgiza kai ta wuce, ko masuncin zai yi ta rantsuwa har gobe. Masunta suna jin haushinta, amma ita suke fara kawo wa na kirki, don sun san ba ta riƙe wa mutum kuɗi.

Kowane kifi da halinsa a kan wuta. Tarwaɗa sai an cuɗe ta da gishiri ko toka yauƙin ya fita, a cire kayan ciki, a naɗe ta a soke wutsiya da tsinke. Giwan ruwa babba ne, akwai wanda ke wuce kilo 100, ko da yake irin waɗannan sun yi wuyar gani yanzu. Shi gunduwa-gunduwa ake yanka shi, kuma in gunduwar ta yi kauri waje zai yi kyau ciki yana ɗanye. Ƙarfasa ba ta son wuta mai ƙarfi, nan da nan take tsagewa. Bargi kuwa mai haƙuri ne, tsokarsa tana riƙe kanta a miya, shi ya sa masu tuwon sayarwa ke son sa.

Wutar kanta hawa biyu ce. Ta farko mai zafi, wadda za ta dafa kifin har ƙashi, ta tsane ruwan jikinsa. Daga nan a janye itace a bar garwashi da hayaƙi kaɗan-kaɗan, ana juyawa, ana sauya wa ragar sama da ta ƙasa wuri. Wanda za a ci a kwana biyu ba ya buƙatar dogon zama. Wanda zai tafi Ngaundare ko Marwa, ko a ajiye shi don damina, sai ya kwana ya wuni a kan banda har in ka ƙwanƙwasa shi ka ji ya amsa. Itace ma ba kowanne ba. Marke nake nema, ko ƙirya in na samu. Darbejiya tana sa ɗaci, ɗanyen itace kuma yana shafa wa kifi baƙi ba tare da ya busar da shi ba. Launin da nake so shi ne ja mai duhu, da ɗan sheƙin man kifin a jikinsa. Murhunana na yanzu irin na Corkor ne, wanda aka fara yi a Gana a 1969, mai raga hawa-hawa a kan ginin laka. Yana cin itace kaɗan, kuma hayaƙi ba ya cika wa mata ido kamar bandar gwaggo ta ganga.

A nan ne maganar masu araha ke shigowa, kuma in na fara ta ba na iya gajartawa. Akwai masu hura wuta da leda da tsohuwar roba da kwali, don kifi ya yi baƙi da wuri a ce ya bandu. Hayaƙin roba guba ne, yana zama a jikin kifin. Akwai kuma abin da ya fi wannan muni. Busasshen kifi yana da abokin gaba, wani ƙwaro da ke shiga ya cinye tsokar ya bar fata da ƙaya. Maganinsa sananne ne: a busar da kyau, a ajiye a wuri mai iska, a riƙa mayar da shi kan wuta lokaci-lokaci. Amma wannan aiki ne, yana cin itace. Sai wasu su ɗauko maganin feshin auduga, tunda ƙasarmu ta auduga ce kuma maganin yana ko'ina, su yayyafa a kan kwandon kifi. Za ka ga kifi a kasuwa ko ƙuda ɗaya ba ya sauka a kai, mai saye yana murna wai mai tsabta ne. Abin da ƙuda ya gudu, shi za ki zuba wa 'ya'yanki a miyar yakuwa?

Sai kuma mace ta zo wurina ta ɗaga tarwaɗa ta ce, "Haba Hajiya, can gaba da rabin wannan kuɗin ake bayarwa." Nakan ce, "Albarka, yaya. Je ki shinshina nasu, ki dawo ki shinshina nawa." Wasu sukan dawo, wasu ba sa dawowa. Wadda ta fi ba ni dariya ita ce mai tayawa har sai an sallama, sannan ta nemi gyara, sannan ta ce a canza mata da babba.

Maganar amfaninsa a jiki kuwa, ban yi karatun likita ba, amma wanda ya yi shekaru yana sayar da abu ya kamata ya san abin da yake sayarwa, kuma malaman asibitin da ke awon ciki da awon yara suna cikin masu saye a wurina, ina tambayarsu. Ɗanyen kifi, a kowane giram 100 akwai furotin wajen giram 18 zuwa 20, kusan daidai da nama. In an banda shi ruwa ya fita, sai abin ya taru, busasshe sosai yakan ninka haka har sau uku. Shi ya sa ɗan guntun banda a miyar kuka ko ta lalo yake yin aikin da ba a zato. Tuwon dawa da na masara suna cika ciki su ba da ƙarfi, amma yaron da ke girma yana buƙatar abin gina tsoka da jini. Kifi yana da bitamin B12, wanda ba a samu a hatsi ko ganye, kuma sinadarin ƙarfen da ke cikinsa jiki ya fi saurin karɓarsa a kan na ganye. Ga mai ciki da aka ce jininta ya yi ƙasa, wannan ba ƙaramin abu ba ne, ko da yake ba zai maye mata ƙwayoyin da aka ba ta a asibiti ba. Tsokarsa kuma mai taushi ce, tsoho marar haƙori yana ci, mai jinya yana sha a farfesu. Allah ma da kansa ya ambaci ɗanyen naman da ake fitarwa daga ruwa cikin ni'imominsa, a Suratun Nahli.

Akwai man da ake kira omega-3, mai amfani ga zuciya da ƙwaƙwalwar jariri da idonsa, wanda saboda shi likitoci ke cewa a ci kifi kamar sau biyu a mako. A nan zan faɗi abin da ba zai taimaki cinikina ba: kifin teku mai maiƙo, irin makero da sadin da ake kawowa cikin ƙanƙara daga Duwala, ya fi kifinmu na kogi wannan man, ya kuma fi shi aidin mai hana maƙoƙo. Ni ba na zagin kifin firigo. Abin da nake tsoro shi ne tafiyar, da ɗauke wuta, ya narke ya sake daskarewa ba wanda ya sani. In kin samu mai kyau, ki saya, ki haɗa da namu. Aidin kuwa, gishiri mai aidin ya ishe ki.

Garin kifin yara, tunaninsa daga ƙananan kifin da ake zubarwa a gefe ya zo mini, irin su kawara, dangin salangar da mutanen Chadi ke shanyawa a bakin Shari da Logon. Masu kuɗi suna wuce su, wai abincin talaka ne. To shi giwan ruwa tsokarsa kawai ake ci, a jefar da ƙashi. Ƙaramin kifi kuwa dukansa ake ci, da kai da ido da ƙaya, kuma a nan ne kalsiyam mai gina ƙashi da haƙori yake, da zinki, da ƙarfe, da bitamin A a wasu irin. Wanda ya sayi na jaka biyar bai fi wanda ya sayi na dala ashirin samun waɗannan ba.

Aikinsa yana da wuya fiye da yadda ake gani. A wanke kifin a ruwa mai tsabta, ba ruwan bakin gaɓa ba. A shanya a kan raga sama da ƙasa, ba a kan yashi ba, don wanda ya taɓa cin miya da yashi a ciki ya san zafin abin. Sannan a gasa shi a wuta mai laushi har ya yi ƙaras, a daka, a tankaɗe da rariya mai laushi, a sake dakan tsakin, a sake tankaɗewa. Ni da kaina nake murza garin a tafin hannu, in na ji ko alamar ƙaya ya koma turmi. Ba na sa gishiri, ba na sa dunƙule, ba na sa yaji. Jariri nono zalla ne abincinsa har wata 6. Daga nan uwa ta fara zuba ƙaramin cokali a kunun gero ko na gyaɗa, tana ci gaba da ba shi nono. In yaro ya yi ƙuraje ko kumburi bayan ya sha, a dakata a kai shi asibiti, don akwai jikin da ba ya karɓar kifi. Yanzu har an fara kwaikwayo, ana ƙulla wani gari a leda ana cewa irin nawa ne, alhali ragowar kwandon da ƙwaro ya ci ne aka niƙe da garin rogo. Nawa ƙamshinsa kaɗai ya isa shaida.

Tsofaffi sukan ja ni gefe su tambaye ni batun kifi da nono, wai haɗa su yana sa fata ta yi dabbare-dabbare. Mu a garin Fulani muke, ga kindirmo ga kifi, kuma likitoci ba su sami wata alaƙa tsakaninsu da ciwon fata ba. Abin da nake jan kunne a kai daban ne. Mai hawan jini ya guji kifin da aka cika wa gishiri, ya jiƙa shi a ruwan ɗumi ya zubar kafin a dafa. Kifin da ya yi funfuna a zubar, kankarewa ba ta gyara shi. Kuma suya a man da aka yi ta maimaitawa tana rage masa daraja. Gashi da farfesu da miya sun fi.

Daga farkon Yuli zuwa ƙarshen Satumba ana rufe kamun kifi a Lagdo don kifi ya hayayyafa. Ni ina goyon bayan rufewar, don na ga yadda taru mai ƙananan ido ya rage girman abin da ake kamawa tun zamanin gwaggo zuwa yau. A watannin nan ba na sayen na sata da ake kawowa da dare, komai araharsa. Abin da nake sayarwa shi ne wanda muka banda tun Mayu da Yuni, muna mayar da shi kan wuta duk mako saboda danshin damina. Masu biki da masu tuwon sayarwa, da uwayen da suka saba da garin kunu, su yi magana tun kafin ruwan sama ya kankama, don marke yakan yi wuya a lokacin, kuma ba na ɗaukar aikin da ya fi ƙarfin murhunana.