Gammon da kakana ya dauka a Bama

Akwai wata 'yar akwatin karfe da kakana yake ajiyewa a karkashin gadonsa, tun muna yara mun san ba a taba ta, sai bayan ya rasu aka bude, Allah ya jikansa da rahama. Abinda ke ciki ba wani mai yawa bane, takardar sallamarsa daga soja ce wadda ta yi ja har ta fara yagewa ta wajen ninki, sai lambar yabo mai siffar tauraro mai tsini shida da kyallenta ja a tsakiya, wato Burma Star, lambar yakin Bama (kasar Burma, Myanmar ta yanzu, ba Bama ta Borno ba), sai kuma wani dan kyalle da aka yanko daga kafadar riga, an zana mashi biyu a gicciye a kan wani abu kamar zobe. 'Yan uwa suna ta juya shi suna tambayar ko meye wannan zoben, ni kam ina gani na gane, gammo ne, don ya taba fada min da bakinsa.

Ina dan shekara goma sha kadan na tambaye shi tambayar da kusan kowane yaro yake wa tsohon soja, nace Kaka, Japanawa nawa ka harbe a Bama? Ya dan yi shiru yana kallona sannan yace shi bai rike bindiga ba, adda aka ba shi da kaya a ka. Wallahi a lokacin raina bai so ba, don na riga na gama cika baki a gaban abokaina cewa kakana dan mazan jiya ne ya yi yakin Hitila, toh yanzu in koma in ce musu dako ya je yi? Na tashi na bar shi a zaune, kuma har yau in na tuna yadda na tashi din nan sai naji wani abu ya tokare min kirji.

Sai da na girma na fara karance-karance na gane abinda yake nufi. Turawan Ingila sun kai runduna biyu daga Afirka ta Yamma zuwa Bama a yakin duniya na biyu, ta 81 da ta 82, dukkansu daga cikin sojojin da ake kira RWAFF, wato rundunar sojan Ingila ta Afirka ta Yamma, akwai 'yan Najeriya da 'yan Gold Coast wato Gana ta yanzu, a ta 81 har da 'yan Saliyo da Gambiya. Tambarin ta 81 bakin gizo-gizo ne, ita kuwa ta 82 da kakana yake ciki tambarinta shine mashi biyu da gammo. Ku duba fa, runduna guda sukutum ta dauki gammon dan dako ta manna a kafadar kowa har da hafsoshi Turawa, saboda yankin Arakan inda aka tura su tsaunuka ne da kurmin gora da rafuka, ba hanyar mota, wani wajen ko alfadari baya iya hawa, don haka harsashi da kwanson igwa da rediyon sadarwa da magani duk a kan mutane suke tafiya. In dan dako bai iso ba mai bindiga ya zama dan kallo.

Yadda ya shiga ma ba wai sha'awar kaki ce ta kai shi ba. Yace sako ne ya zo daga sama ana son samari, daga sarki zuwa hakimi zuwa dagaci, kowa a kawo nasa kason, shi kuma ga shi kakkarfa kuma ba shi da mai tsaya masa, shikenan sai ga shi a Zariya ana koya masa fareti. Abinda ya fi ba shi wahala a kurtu takalmi ne, kafar da ta saba da kasa aka cusa ta cikin but mai nauyi, duk ta saluce. Daga nan sai Legas sai jirgin ruwa, mutumin da bai taba ganin ruwan da ya wuce kogi ba ya yi makonni ba ya ganin kasa ko ta ina, yace wasu har kuka suke a boye don sun dauka ba a dawowa daga inda ruwa ya kai mutum haka, ga amai, ga rashin sanin ina ne gabas in za a yi sallah sai an tambayi ma'aikatan jirgin. A 1944 suka sauka Indiya, karshen shekarar kuma aka shigar da su Arakan.

Abin da na lura da shi, kuma na ji irinsa wajen wasu da suka zauna da nasu tsofaffin, shine basa son labarin harbi. In ka bar shi ya yi magana da kansa, labarin jiki zai ba ka. Yadda wuya yake sagewa in ka wuni da akwatin harsashi a ka kana hawan tudu kana kama saiwar bishiya da hannu daya. Yadda gashin tsakiyar kansa ya zube saboda gammo kuma bai sake fitowa sosai ba, ya kan cire hula ya nuna min wajen. Matsattsaku da suke shiga ta ramin igiyar takalmi, ba za ka ji ba sai ka cire ka ga safa jike da jini, kuma ba a fizge su, sai dai a dora musu wutar taba su saki da kansu. Kwayar maganin zazzabi da ake tsare su a layi kowa ya hadiye a gaban saje. Atini da ya kwantar da mutane da yawa. Da damina ta zo kuwa yace ruwan can ba irin wanda ya sani bane, sai a yi kwanaki ana zuba ba tsayawa, bargo baya bushewa, fatar kafa ta yi fari ta fara barewa.

Wani abu da yake fada fuskarsa ta dan saki shine jiragen sama masu jefo kaya. Su ne za su sare daji da adda su share fili, a shimfida alama, jirgi ya zo kasa-kasa ya rika sako kaya da lema, wasu buhunan kuma haka ake turo su ba lema, in ka tsaya a inda bai kamata ba buhu ya same ka sai dai wani ba kai ba. Kyallen lemar nan kuwa ya yi musu rana, da shi suke yin rumfa, da shi suke nade kafa.

Sau daya tak ya ba ni labarin abokinsa, kuma ba tambayarsa na yi ba, zazzabi yake yi ina zaune kusa da shi da daddare. Yace tare aka dauke su, tare suka yi kurtu, gadonsu daya sama daya kasa a jirgi. Wata rana suna tsallaka wani rafi da kaya a ka aka yi musu kwanton bauna, su 'yan dako ba abin mayar da martani, abinda aka koya musu kawai su kwanta kuma kar su yar da kayan. Da wuta ta lafa ya ga abokin nan an same shi a ciki. Suka sari gora biyu suka zura bargo suka yi makara, su hudu suka dauke shi, ana son a kai shi inda karamin jirgi yake sauka ya kwashi masu rauni, tafiyar kusan kwana biyu. Yace duk hanya yana jin numfashinsa a bayan kunnensa don shi ne a gaba ta wajen kai, yana ta kiran sunansa yana amsawa, can da asuba ta biyu ya kira bai amsa ba, amma bai fada wa sauran ba sai da suka kara tafiya mai nisa, wai baya so a ajiye shi. Da adda suka haka kabarin, suka yi masa sallah su 'yan kadan a gaggauce, aka ce a tashi. Daga nan ya juya fuskarsa bango bai kara cewa komai ba, ni ma ban ce ba.

A makabartar Taukkyan da ke kusa da birnin Rangun na Bama akwai ginshikai da aka rubuta sunayen sojoji kusan 27,000 wadanda ba a san kabarinsu ba, akwai 'yan Afirka ta Yamma a ciki. Ina kyautata zaton sunan abokin nan yana can, amma sunan da kakana yake kiransa da shi lakabi ne, ban tambayi cikakken sunan ba ballantana lambarsa ta soja, alhali na tabbata ya haddace ta, don tasa lambar har ya tsufa ya fara mantuwa bai taba kuskurenta ba.

Kuma abin mamaki sunayen wuraren nan suna gabanmu kullum bamu sani ba. Barikin Dalet da na Kalapanzin a Kaduna, Letmauk a Ibadan, Arakan da Tamandu da An da Myohaung a Legas, har Dodan Barracks da aka mulki kasar nan daga cikinsa shekara da shekaru, duk sunayen wurare ne a Bama. Myohaung tsohon babban birnin masarautar Arakan ne, a Janairun 1945 rundunonin nan biyu suka hadu suka karbe shi daga hannun Japan. Barikin Chindit na Zariya kuma sunan dakarun Janar Wingate na Ingila ne da bataliyoyin Najeriya suka shiga cikinsu a 1944. Na sha wucewa ta gaban Dalet a mota ban taba kawo wa raina cewa watakila kafar kakana ta taka ainihin Dalet din da kaya a kansa ba.

Japan ta mika wuya a Agustan 1945 amma su sai 1946 aka dawo da su, jiran jirgi kawai. Abinda aka sallame shi da shi bai kai ko kusa da na Bature mai mukami irin nasa ba, aikin da suka sa rai za a ba su kuma shiru, ya koma gona. Wannan bacin ran ba shi kadai ba ne, a Akara ranar 28 ga Fabrairun 1948 tsofaffin sojoji sun yi tattaki zuwa fadar gwamna don kai kukansu kan hakkokinsu aka bude musu wuta, mutum uku suka mutu, Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey, kuma tarzomar da ta biyo baya tana cikin abinda ya gaggauta 'yancin Gana. Kakana bai san wannan labarin ba, shi dai abinda yake cewa an yi musu alkawari ba a cika ba, ya bar wa Allah.

Abinda yake ci min rai shine a shekarunsa na karshe ina da waya mai daukar murya a aljihuna, kullum sai in ce sai na dawo hutu na gaba zan zauna da shi mu yi ta daga farko. Duk 15 ga Janairu ana ajiye furanni ana busa bigila don tunawa da 'yan mazan jiya, yana da kyau ban ce ba, amma 'yan Bama kusan duk sun tafi da abinda ke cikinsu, wadanda suka yi yakin basasa na 1967 zuwa 1970 su ma yanzu sun haura saba'in, ga na ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, da suka je Laberiya da Saliyo, ga yaran da suke dawowa daga Arewa maso Gabas basa iya barci.

Satin da ya wuce na je gaida wani aminin mahaifina da ya yi yakin basasa, shekara da shekaru ina gaishe shi ban taba tambayarsa komai ba. Na nemi izini na kunna wayar na ajiye a kan tabarma, nace Baba, me kake dauke da shi a jakarka lokacin? Ya yi dariya yace kai kuwa wa ya koya maka wannan tambayar, sannan ya fara lissafi da yatsu, bargo, kwanon sha, reza, wasikar mahaifiyarsa da wani ya rubuta mata, daga kan wasikar nan ya tsaya ya gyara zama. Har aka kira magariba bamu bar Makurdi ba, yace in dawo ranar Asabar mu tsallaka kogin.